Sunan da Na Ɓoye a Cikin Manhaja

Na ji irin labarin da kuke ba 'ya'yanku game da ni da babbar yayarku. Wai tsufa ne ya sassauta mini baki, wai wata rana ce kawai na yi suɓul da baka na kira ta da sunanta, shi ke nan abin ya bi ni. Auta ma har gishiri yake ƙarawa, wai likita ne ya ce in riƙa faɗin abin da ke raina saboda hawan jini. To ku buɗe kunne: bakina bai taɓa suɓucewa ba, kuma ba a haifi likitan da zai buɗe mini shi ba. Abin ya faru ne a saman benen wani shago a Kasuwar Sabon Gari, da rana tsaka, janareto yana ta ihu a ƙasa, kuma mafarinsa wasu layuka ne da za a goge daga cikin manhaja. Ku bari in ɗauko muku shi daga tushe, kada ku ci gaba da yi mini ƙarya ina raye.

A gidanmu na Fagge, gidan malamai ne kun sani, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambaton sunan babban wanmu ba. In tana nemansa sai ta ce a kira mata wancan, kuma kowa ya san wancan ɗin da take nufi. Da na haifi yayarku aka yaye ta, sai Yaya Asabe, wadda nake bi, ta zo ta goya ta ta tafi da ita gidanta, can bayan layin teloli. Haka ake yi, kuma ni har gobe ban ga laifinsa ba. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. In yarinyar ta zo gidanmu sai in ce mata ke, in zan aika mata wani abu sai in ce a kai wa 'yar gidan Yaya. Ita kuma Yaya take kira Umma, ni ta ce mini Hajiya, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabin da ake yi wa surukai. Naman da ya fi kyau a miya ita nake tsame wa in ba wani ya miƙa mata. Na ɗauka ta gane, yadda wanmu ya gane ba tare da an yi masa bayani ba.

Kwamfuta kuwa kun san yadda na faɗa mata. A ɗakin buga takardu na ma'aikata nake lokacin da aka kawo su, abokan aikina suka ja da baya kamar an ajiye musu maciji. Ni kuwa tun ina ƙarama ƙwaƙƙwafi ne da ni, na taɓa kwance keken ɗinkin Inna gaba ɗaya don in ga abin da ke jan zaren ƙasa, na sha duka ban daddara ba. Na koyi bugawa, na koyi gyara, daga baya na koyi rubuta wa na'urar umarni da kaina. Da na yi ritaya, maimakon in zauna ina jiran suna da biki, sai na shiga koyon yadda ake gina shafin intanet mai karɓar saƙo ya mayar da amsa. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, dariya yake mini. Ya ce matan mutane suna ritaya su kama sayar da atamfa, tasa ta kama hira da akwati.

Maman Obinna ce ta fara ba ni aiki na gaske. Kun san ta, mai shagon fanka da wayar wuta da ƙwan lantarki. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausar bakinta kuwa ta fi ta wasunku da kuke haɗa ta da Turanci kamar fate. Masu sari daga garuruwa suna damunta da kira, wannan ya ce a ajiye masa kaza, wancan ya ce ba haka ya ce ba. Ta ce in gina mata shafin da kowa zai shiga ta wayarsa ya zaɓi kayansa, ita kuma ta gani a rubuce. Ta share mini wani ɗaki a saman shagon, tsakanin kwalayen fanka, nan nake wuni.

Yanzu sai na yi muku bayanin abu guda, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Manhaja ba ta magana. In ta lalace shiru za ta yi muku, kamar yaron da ya fasa tangaran. Don haka mai ginawa yakan dasa wasu layuka a cikinta waɗanda ba su da aikin komai sai kai rahoto: na iso nan, ga abin da ke hannuna, nan na tsaya. Rahoton yana fitowa a wata taga ta bayan shafin, wadda mai saye ba ya gani sai in ya san maɓallin buɗe ta. Masu sana'ar suna ce masa log, ni kuwa 'yan tsegumi nake ce musu. Amfaninsu na lokacin gini ne kawai, kamar allin da tela yake zana wa yadi, kafin a miƙa wa mai riga sai an kaɗe shi. Kuma da yake tagar tana cika da surutu iri-iri, kowane ɗan tsegumi ana sa masa wata kalma a gaba don a gane shi. Ni a wuraren da aiki yake da sauƙi, harafin a da harafin b nake sawa.

Sai na zo wani wuri da ya gagare ni, daidai inda odar mai saye take barin wayarsa ta tafi ma'ajiya. Oda ta tashi, ba ta isa ba, kuma ba a san inda ta faɗi ba. Na gwada wannan, na gwada wancan, har idona ya fara ruwa. Na zo zan dasa ɗan tsegumi, a da b sun riga sun cika tagar, ina neman kalmar da ba ta ko'ina a cikin rubutun. Kafin in yi tunani, yatsuna sun buga sunan yayarku. Wallahi sai da na waiwaya bayana, alhali daga ni sai kwalaye. Na danna, sunan ya fito a kan allo, baƙi a kan fari, tare da cewa mun iso nan. Bene bai rufta ba. Na zauna ina kallonsa, ƙwaƙƙwafin ya motsa. Shin rubuta suna kira ne? Kunyar nan a harshe take zaune ko har da hannu? In kuma na'ura ce ta furta shi ba ni ba, wa ya yi rashin kunyar? Ban tambayi wani malami ba, don kafin ya ba ni fatawa sai na faɗa masa dalili. Na yanke wa kaina hukunci cewa yatsa ba shi da surukai. Daga ranar, duk inda hanya ta yi wuya na ji ni kaɗai, sunanta nake sawa. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye muku ba, kamar tana zaune kusa da ni muna neman ɓarakar tare.

Ita kuwa a lokacin ta riga ta zama gwana a wannan fanni, don ita a jami'a ta karanta shi, ba tsintuwa irin tawa ba. Kuma ta sami aiki a ƙasar waje, ita da mijinta za su tashi bayan ƙaramar Sallah. Maman Obinna, ba tare da ta shawarce ni ba, ta roƙe ta ta zo ta duba aikin kafin a sake shi ga jama'a. Na san 'yan tsegumin nan dole su fita. Kullum sai in buɗe in ce yau zan share, in kalli sunan, in ce gobe. Ina cikin goben nan na ji takun yayarku a matattakala.

Ta gaishe mu, ta zauna, ta buɗe shafin. Ta yaba, ta ce ginin ya yi tsari, ni kuma na kawar da kai kamar ban ji ba. Sannan ta danna maɓallin nan, tagar baya ta buɗe, ta juya allon wajen Maman Obinna.

"Mama, kin ga wannan? Sunayen masu sarinki ne kaf, da lambobin wayarsu, da abin da kowa ya saba ɗauka. Duk wanda ya shiga shafin ya san maɓallin nan zai gani. Har maƙwabcinki."

Maman Obinna ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! A kasuwar nan? Ai kafin la'asar sun kwashe mini mutane tas!"

Gaskiyarta ce yarinyar. Garin son in ga komai, na sa ɗaya daga 'yan tsegumin yana zazzago duk abin da ke ma'ajiya. Ta ce ba matsala, aikin yini ɗaya ne, za a cire su duka, shafin ma zai fi sauri a ƙananan wayoyi. Ta sa kwamfutar ta tattaro mata su wuri guda. Tana gangarawa tana dubawa, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta koma sama. Ta sake gangarowa a hankali, tana buɗe kowane layi tana duba inda aka dasa shi. Ni ina zaune kamar an kafa ni da ƙusa. Can ta ɗago, ba ta dube ni ba, allon take kallo.

"Hajiya, na lura da wani abu. Inda aiki yake tafiya lafiya, a da b kika sa. Duk inda ya lalace, sunana ne."

Ta ci gaba, idonta a kan allon.

"Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinki ba. Na ce al'ada ce, na haƙura. Yau na gan shi a hannunki, ashe a kan kuskure yake zaune."

Ta rufe kwamfutarta, ta ce wa Maman Obinna za ta dawo jibi ta ƙarasa, tunda ta yi alkawari. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda ta saba, ko ɗigon ladabi ba ta rage ba. Kun san abin da na ce mata? Na ce ta gaida Yaya. Abin da ya iya fitowa ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Haushinta na ji, na ji haushin kwamfutar, na ji haushin Maman Obinna da ta gayyato ta. Yarinya da karatunta, ta karanta abu a juye! Amma da na huce na sake dubawa da idonta, sai na ga ba ta yi ƙarya ba. Sunan yana nan a kan kowace ɓaraka. Wanda bai san zuciyar mai rubutun ba, me zai ce? Maman Obinna ta hawo da ruwan sanyi ta zauna a kan kwali, ta tsare ni da ido.

"Hajiya, mene ne sunana?"

"Wane irin zance ne wannan? Maman Obinna mana."

"Wannan sunan ɗana ne. Nawa fa? Kin ga, ke ma sai kin yi tunani. Mu muna shelar ɗan fari har sunan uwa ya ɓace, ku kuna ɓoye shi har nasa ya ɓace. Ni dai ban ga wanda ya fi wani wayo ba."

Na ce mata wanmu bai taɓa ƙorafi ba, kuma ya san Inna tana sonsa.

"Wanku ya tashi lokacin da kowane ɗan fari a unguwa haka ake yi masa. Ita kuwa ta tashi tana jin kina ƙwala wa ƙannenta kira ɗaya bayan ɗaya, ƙawayenta kuma iyayensu har sunan gayu suke sa musu. Jirgi za ta hau fa, Hajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Maganar ta bi ni har Fagge. Ina iya share layukan ni kaɗai kafin jibi, asirin masu sari ya rufu, aiki ya fita lafiya. Sai dai yarinyar za ta tafi wata duniya da abin da ta karanta, kuma waya ba ta gyara irin wannan. In rubuta mata bayani? Ai hannu ya riga ya yi magana an yi masa mummunar fahimta. Baki kaɗai ya rage. Da yake ba na yin abu a bayan Yaya Asabe, washegari na tafi gidanta. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida, na kwashe labarin na faɗa mata, har da abin da nake niyya. Ta ajiye farantin.

"Kul! Kada ki soma. Ke kika haifa, duniya ta sani. Ni me nake da shi? Ni na yi goyo, ni na yi jinya, ni na kai ta ɗakin miji. Abu ɗaya ne nawa ni kaɗai, ni nake kiran sunanta ta amsa. Shi ma za ki karɓe?"

Wannan ban taɓa tunaninsa ba, kuma ya dake ni. Na ce mata ba karɓewa zan yi ba, aro nake nema. Ta ce ba a aron wannan, ta ɗauki farantinta ta ci gaba da tsinta. Kuma kada ku ce Yaya ta yi son kai, gaskiyarta ta faɗa. Ta daɗe ba ta taka gidana ba bayan abin ya faru. Daga baya mun shirya, muna zumunci, muna dariya, amma har ta rasu akwai wata hira da muke yi a da wadda ba ta dawo ba. Na san haka zai kasance tun ina fita daga zaurenta, kuma da sanina na zaɓa.

Ranar da yayarku ta dawo, Maman Obinna ta ce tana da baƙi a ƙasa, ta sauka ta ja mana ƙofa. Baƙin ƙarya ne, ni na sani. Yarinyar ta zauna ta buɗe kwamfuta, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ta ce da umarni ɗaya za ta iya share su duka, amma tana tsoro, don ta ga wasu layukan na cusa aikin gaske a cikin tsegumin, in aka cire su da ka shafin zai tsaya. Sai dai a bi su ɗaya-ɗaya. Na ce to mu yi yadda muke yi a ofis in an buga takarda mai muhimmanci, ɗaya tana karantawa da ƙarfi, ɗaya tana bi da ido. Ni zan karanta daga tawa, ita ta duba ta goge a tata. Ta ɗan dube ni, ta ce to.

Muka fara da masu sauƙi. In ce a, an buɗe shafi. Ta ce an goge. In ce b, an zaɓi kaya. Ta ce an goge. Wani ta ce a dakata, ta zare aikin da ke ciki ta ajiye shi gefe, sannan ta share sauran. Mai zazzago sunayen masu sari ma muka kawar da shi, ta ce alhamdu lillahi, wannan shi ne babban. Muna gangarawa, ni kuwa na san abin da ke tafe. Sai ga mu a wurin odar nan da ta taɓa gagara ta. Na ga ta kai yatsa kan maɓallin gogewa tun ban karanta ba, tana so ta sauƙaƙa mana mu biyun.

"Tsaya," na ce. "Ban karanta ba."

Ta janye hannunta.

"Nan wurin ya wahalar da ni. Ni kaɗai ce a ɗakin nan, ba wanda zan tambaya. Ba a kan kuskure na sa shi ba. Inda na ji tsoro na sa."

Janareto yana ta yi a ƙasa, wani yana cinikin fanka da ƙarfi. Na gyara tabarau, na dubi layin kamar ban san abin da ke cikinsa ba. Na ji kamar Inna tana tsaye a bayana. Na karanta shi yadda yake a rubuce.

"Rakiya, mun iso nan."

Muryar da ta fito ba ta yi kama da tawa ba. Na ƙura wa allon ido, na kasa juyawa. Har na fara tunanin ko ba ta ji ba ne saboda ƙarar injin. Sai na ji ta, ƙasa-ƙasa.

"Na'am."

Ta sa gefen mayafinta ta goge ido, sannan ta danna maɓallin, layin ya tafi.

"Akwai saura?" ta ce.

Na ce da yawa.

"To a hankali, Hajiya. Kada ki tsallake ko ɗaya."